Shirun da Ke Tsakiyar Taken Ruwa

Shekarun baya can, kafin babban farin nan da ya ƙarar da dabbobi, ina sabon magidanci a Madarumfa. Da damina in yi noma, da rani in shiga su a tabki. Gidanmu gidan masunta ne, sai dai muna da wani gado guda wanda sauran masunta ba su da shi: mu ke busa sarewa ranar da za a buɗe su. Jama'a za su jeru a bakin gaɓa da komarsu da gorunansu, sarkin ruwa yana tsaye, amma babu mai tsoma ƙafa sai mahaifina ya busa wani take da muke kira taken ruwa. Da Allah ya yi masa rasuwa, sarewar ta dawo hannuna.

Taken ba shi da tsawo. Yana farawa ƙasa-ƙasa, ya yi ta hawa, sai daidai inda kunne ke jiran ya sauko, sai a yi tsit. Mai busa ya cire sarewa daga bakinsa, ya riƙe numfashi, ya sunkuyar da kai. Kowa ya yi shiru, har yara. Bayan ɗan jim sai a mayar da ita baki a ƙarasa. Na taɓa tambayar mahaifina dalilin wannan tsayawa, ya ce mini, "Wurin nan ba namu ba ne. Kai dai ka bar shi." Bai ƙara ba. Ni kuwa a raina na yanke hukunci cewa tsoho ne numfashi ke gaza masa, ya lulluɓe gazawar da sunan al'ada.

Abin da ya ƙara mini girman kai shi ne wani abokina mai algaita da ya koya mini busa ba yankewa, wato ka cika kumatu da iska kana turawa, a lokaci guda kana shaƙar wata ta hanci. Mahaifina bai taɓa iya wannan ba. Da na iya, sai na riƙa jin kaina kamar wanda ya fi ubansa. Ranar buɗe su ina barin gurbin nan dai, don idon dattawa, amma ina barinsa ne ina dariya a ciki.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana jigila tsakanin Maraɗi da Katsina ta Ɗan Issa. Ɗansu na fari shi ne ya yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, har ya kai lise, babbar sakandare, a Maraɗi. A can wani mushe, wato malamin lakwal, mai koyar da kiɗa ya ɗora masa wata sarewar Turawa baƙa wuluk, mai maɓallai na ƙarfe, ana ce mata kilarinet. A bakinta ake ɗaura wani ɗan siririn kara, shi ke kaɗawa ya ba da murya. Ran da na fara jin yaron ya busa ta, na ce masa, "Kai ɗan lakwal, wagga aba taka kamar agwagwa mai mura." Ya yi dariya ya ce, "Kawu, bari ta saba da kai." Gaskiyarsa. Kafin ya gama sai na ga na ajiye komar da nake ɗinki ina sauraro.

Farkon babban hutu, ruwan shuka ya sauka ke nan, sai ga mushen a kan ɗan babur ɗinsa mobilet ya zo har ƙofar gidana. Mutumin kirki ne, siriri, mai yawan gyara tabarau. Muka gaisa, aka kawo fura, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce za a yi konkur, wato jarrabawar gasa, a Yamai ƙarshen hutu, wanda ya ci za a ba shi burs, kuɗin karatu, ya tafi babbar makarantar kiɗa a wata ƙasa ta bakin teku. Za a nemi yaro ya busa abu biyu: ɗaya na Turawa wanda ke rubuce, ɗaya kuma na ƙasarsu.

"Na Turawan na gama da shi," in ji shi. "Yatsu yana da su, kunne yana da shi. Abu biyu suka rage, kuma duka an ce mini suna hannunka. Numfashinsa gajere ne, sannan ba shi da take na gida."

Na gyara zama, na yi gyaran murya irin ta manya. Na ce, "Mushe, ka zo inda ya dace."

Akwai abin da mushe bai sani ba, ni na sani. Uban yaron bai so wannan harka ko kaɗan. Cewa yake bai kai ɗansa lakwal don ya dawo maroƙi ba. Da ƙyar aka shawo kansa ya yarda da gwaji ɗaya tak. In yaro ya ci, ya tafi. In ya faɗi, ya mayar wa lakwal sarewarsu, ya hau bayan kamiyo ya zama yaron mota. Kuma mijin yayata in ya faɗi magana ba ya komawa kanta.

Ita kuwa yayata, kun san halin iyayenmu mata da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, sai dai "yaron nan". Ba ta kallonsa ido da ido a gaban mutane. In ya ɗauko kilarinet a tsakar gida, sai ta tuna tana da aike a maƙwabta. Kara ce, ba ƙiyayya ba. Amma wannan karar ce ta sa duk abin da muka yi a daminar nan ba ta ji ba, ba ta gani ba, sai da ya lalace.

Muka fara da ƙwarya da tsinken kara. In cika ƙwarya da ruwa, in ba shi kara mai rami, in ce ya yi ta hura kumfa kada ta tsaya, yana shaƙar iska ta hanci. Ya sha ruwa ta hanci ya fi a ƙirga. Ya yi ta tari idonsa ja, ni ina gefe ina cewa, "Ashe faransanci bai hana mutum shaƙewa." Shi kuma ya ce, "Kawu, kai ma da ka koya an ce sai da aka danne maka ciki." Yaro ne mai raha, ba ya fushi.

Wurin busa ne ya zama mana matsala. Gidana katanga ɗaya da gidan liman, gidansu kuma ga kara ga uba. Da safe muna gona, da yamma ma haka. Lokacin da muke da shi kawai shi ne tsakar rana, sa'ad da manoma ke fakewa a inuwa. Sai na ce mu riƙa zuwa bakin tabki, gindin wata kanya da ke nesa da mashaya. Na san sarai abin da ake faɗa a kan bakin ruwa da rana tsaka. Tun muna yara ake hana mu ko fito a wurin a wannan lokaci. Amma na ce a raina, mu da muka gaji ruwan, wa zai hana mu inuwarsa?

Kafin gero ya kai gwiwa yaron ya iya busa ba yankewa. Kafin geron ya fitar da kai ya fi ni. Ba kunya nake faɗa, ya fi ni. Sai muka koma kan take. Na busa masa na biki, na busa masa na noma, duk ya ce da daɗi amma ba su ba. Da na busa taken ruwa sai ya ce, "Wanga nika so."

Ya ɗauke shi a kilarinet cikin ƴan kwanaki. Ran nan ya kai wurin tsayawa, ya cire ta daga baki yadda ya ga na yi, sannan ya dube ni.

"Kawu, mi ya sa ake tsayawa nan? Masu konkur za su ce na mance ne."

"Kakanka ne numfashi bai isarsa," na ce. "Tsufa ne aka mai da shi doka."

"To in wuce?"

"Wuce mana. Mi amfanin wahalar da ka sha da ƙwarya? Cike wurin da abin da ranka ya ba ka. Su Turawan su ga ɗan Madarumfa bai tsayawa shan iska."

Haka na ce, ina murmushi, ina jin na yi magana mai hikima.

Ya ɗauki kwanaki yana neman abin da zai sa a gurbin, a hankali, guntu-guntu, bai haɗa shi da taken ba tukuna. Abin da ya fito da shi, ni dai tun da nake ban ji irinsa ba. Daga can saman da taken ya tsaya, sai ya gangaro a hankali yana lilo, kamar ganye ya saki reshe yana neman inda zai sauka a kan ruwa, ya yi kamar zai taɓa sai ya sake tashi. Da mushe ya sake zuwa, yaron ya busa masa wannan guntun shi kaɗai a zauren gidana. Mushe ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Wa ya ba ka wannan?" Yaron ya ce shi ya yi. Mushe ya ce, "In ka busa wannan a Yamai, ka gama." Ni kuwa ina gefe ina kumbura, kai ka ce ni na haife shi, ni na haifi kilarinet ɗin.

Washegari muka tafi gindin kanya, rana tana tsaka. Tabki ya cika ya batse, agwagin ruwa suna ta kuka a cikin ciyawa, kwaɗi na nasu. Yaron ya fuskanci ruwa, ya ce yau zai haɗa shi duka daga farko har ƙarshe. Ya fara. Ya hau, ya hau, ya kai wurin, bai tsaya ba. Ya zuba nasa a ciki ya wuce, ya sauke taken lafiya.

Sai da ya gama na lura babu sauran kuka a tabkin. Kwaɗi sun yi shiru. Agwagin sun tashi gaba ɗaya, amma ba ka jin komai sai fukafukai, babu wadda ta buɗe baki. Ganyen kanya ya tsaya cak. Ruwan ya kwanta sumul kamar an shafa masa mai, har ƴan da'irorin da kifi ke yi sun ɓace. Ga rana tana dukan ƙasa, amma na ji sanyi ya bi ta bayan wuyana.

Can sai na ji busa daga tsallake. Murya ɗaya ce, doguwa, ba hawa ba sauka. Ta daɗe fiye da yadda ƙirjin mutum zai iya, sannan ta yanke.

Na ce, "Ka ji?"

Ya ce, "Mi?"

"Wani na busa a tsallake."

Ya kasa kunne, ya girgiza kai. Na yi dariyar ƙarfin hali na ce ɗan Fulani ne yana kishi. Amma na san da damina babu mai kawo shanu wannan gefen, gonaki ne kewaye. Na ce mu tafi gida, yunwa nake ji.

Kashegari ya ɗauki kilarinet, ya fara taken, yana kaiwa wurin sai murya ta ɗauke. Ba tari, ba shaƙewa. Iska ce kawai ta tsaya masa a ƙirji, ba ta shiga ba ta fita. Ya yi jim a haka, sannan ta sake shi. Muka ce gajiya ce. Ya canza ɗan karan bakin, ya sake, haka. Ya koma kan na Turawa wanda ya iya kamar sunansa, yana tsakiya sai ta sake ɗaukewa. Duk abin da ya busa, sai an yanke masa shi a tsaka.

Daga nan abin ya bar kilarinet ya shiga maganarsa. Yana cikin ba ka labari sai ya tsaya a tsakiyar kalma, kansa ya sunkuya, ya yi shiru, sannan ya ɗago ya ci gaba daga inda ya tsaya, shi bai ma san ya tsaya ba. Na kai shi disfansar, mai duba marasa lafiya ya sa abin sauraro a ƙirjinsa ya ce huhunsa ya fi nasa lafiya. Na karɓo masa rubutu wurin liman, ya sha. Liman ya tambaye ni ko yaron ya yi wani abu, na ce karatu ne ya yi masa yawa. Ga lokacin tafiya Yamai yana matsowa, gero ya fara nuna. Ran nan na iske shi zaune bayan rumbu da kilarinet a cinya, ya ce mini, "Kawu, gara in fara koyon ɗaure tanti a bayan kamiyo tun yanzu. Yaron mota bai buƙatar dogon numfashi." Ya faɗa da wasa, amma bai yi dariya ba.

Yayata ce ta gano, kuma ba ta hanyar tambaya ba. Na je gidansu da hantsi, tana tankaɗe, yaron yana gaya wa ƙannensa wani abu. Sai ya tsaya, kansa ya sunkuya, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka. Na ga hannun yayata ya tsaya a kan rariya. Karo na farko a rayuwata na ga ta zuba wa ɗanta na fari ido a gaban mutane. Ta ajiye rariyar, ta ce, "Auta, zo nan." Ta ja ni har bayan ɗaki.

"Tsayuwar wa ka gani yanzu?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Tsayuwar Baba ce ranar su. Yaron nan yana goye Baba ya rasu, ina ya gan ta? Mi kuka yi a bakin ruwa?"

Na gaya mata duka. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, don kada yara su ji, amma kowace kalma sai da ta shige ni.

"Kai da gemunka. Baba numfashi ya gaza masa? Mutumin da ke nutsewa ya ɗauko koma daga ƙasan tabki kana bakin gaɓa kana kuka? Ni ke kai masa fura, ni na ji yana gaya wa Inna. Ruwan nan da masu shi. Sun bar mana kifi, sun bar mana gaɓa, sun bar mana taken duka, wuri ɗaya suka ce a bar musu su amsa. Ka sa yaro ya toshe musu baki. To ga shi suna karɓar shirunsu a bakinsa."

Na ce, "Yaya, mu fa Musulmi ne."

Ta ce, "Baba kafiri ne? Allahn da ya halicce ka shi ya halicci abin da ba ka gani. Ba a ce ka yanka musu kaza ba, an ce ka yi shiru. Shirun ma ya gagare ka."

Na tambaye ta yadda za a yi. Ta ce ba ta sani ba tabbas, amma in da ita ce, za ta koma wurin a daidai lokacin, da sarewar Baba ba ta Turawa ba, kuma wanda ya ba da izini shi zai busa. In an kai gurbin a bar shi, kada a mayar da sarewa baki sai sun gama, kome daɗewa.

"In numfashina ya ƙare fa?"

"Ai kai ne mai numfashin da ya fi na Baba," in ji ta.

Muka tafi rana tsaka, ni da yaron. Da muka kusa kanya na waiga, sai na hango yayata tana biye da mu daga nesa, da tulu a ka kamar mai zuwa ɗiban ruwa, alhali mashaya tana wancan gefen. Ta tsaya a bakin wata gonar wake, ta juya mana baya.

Na yi bisimilla, na karanta abin da na iya. Na sa yaron ya zauna a bayana, na fuskanci ruwa. Na ɗaga sarewar Baba. Na fara ƙasa-ƙasa, na hau, na kai wurin. Na cire ta daga baki, na riƙe numfashi, na sunkuyar da kai.

Da farko babu komai, sai bugun zuciyata. Sannan kwaɗi suka ɗauke, kamar an rufe su da ƙwarya. Sai busa ta taso. Wannan karon ba daga tsallake ba. Kusa take, gabana kaɗan, daga cikin ciyawar da ruwa ya shanye, kamar daga ƙarƙashinta. Ba muryar sarewa ba ce, ba ta kilarinet ba. Kuma abin da ake busawa na san shi: guntun yaron ne, wanda ya ƙirƙira da kansa. Ana bin sa a hankali, a hankali ƙwarai, kamar mai jujjuya sabon abu a hannu yana dubawa. Inda yake yin kamar zai sauka ya sake tashi, sai aka maimaita wurin, aka sake maimaitawa.

Ƙirjina ya kama wuta. Idona a ƙasa yake, ina ganin bakin ruwan yana matsowa yana taɓa yatsun ƙafata yana komawa, alhali babu iska. Na so in ɗaga kai, wani abu a jikina ya ce kada ka kuskura. Duhu ya fara zagaye ganina. Ina gab da faɗuwa sai busar ta sauka, ta kwanta, ta ɓace. Na ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya, na mayar da sarewa baki, na ƙarasa taken da ƙyar, yana karkarwa. Ban taɓa busa shi da muni kamar ranar ba.

Kwaɗo ɗaya ya yi kuka, sauran suka amsa.

Yaron ya yi atishawa a bayana. Ya ce, "Kawu, ka daɗe fa. Na ce ko suma ka yi a tsaye."

"Ba ka ji komai ba?"

"Shiru kawai."

Na ce ya harhaɗa kilarinet ya busa na Turawa. Ya busa shi daga farko har ƙarshe, babu inda ya tsaya. Ya sake, haka. Ya tashi yana tsalle yana rungume ni. Sannan ya ce bari ya gwada guntunsa shi kaɗai, ba a cikin taken ba. Ya sa ta a baki, ya jera yatsu, ya tsaya. Ya sake jerawa. Ya dube ni yana murmushin mamaki.

"Yaya ma yake farawa?"

Guntun ya tafi. Ko murya ɗaya bai rage masa ba. Ya san ya yi wani abu, ya san mushe ya yaba, amma abin kansa babu shi, kamar an share da tsintsiya. Ni kuwa yana cikin kunnena daram. Na buɗe baki zan rera masa, na dubi ruwan, na rufe.

Da muka biyo ta gonar wake, yayata na nan tsaye, tulun a ƙasa, tafukanta biyu a kan kunnuwa. Na ce, "Yaya, kin ji?" Ta ce, "Ban ji ba, kuma kada ka sake tambayata." Ta ɗauki tulunta babu ko ɗigon ruwa ta wuce gaba.

Mushe ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ya yi ta cewa laifinsa ne da bai rubuta guntun ba tun ranar, shi ma ya yi ta laluben sa a ka bai samu ba. Ya ce to a wuce gurbin kawai a haɗe taken. Yaron ya ce a'a, zai bar shi yadda kakansa ke bari. Mushe ya ce za su ɗauka mantuwa ce, za su rage masa maki. Yaron ya ce ya ji. Haka suka hau mota zuwa Yamai, ni ina ganin na kashe masa abin da zai ci da shi, na bar shi da rami a tsakiyar take.

Ana cikin girbi ya dawo. Ya same ni a gona ina ɗaurin dami. Tun daga nesa na ga haƙoransa, na san ya ci. Bayan mun gama murna ya ja ni gefe, ya rage murya.

Ya ce ɗakin da aka yi konkur ɗin yana kusa da kogi, taga a buɗe saboda zafi, kuma layi bai zo kansa ba sai da rana ta take tsaka. Ya busa na Turawa lafiya. Ya shiga taken ruwa, ya kai wurin, ya cire kilarinet ya sunkuyar da kai. Shi dai shiru ya ji. Amma wata tsohuwar Baturiya cikin masu jarrabawar ta ɓata rai, ta tashi ta rufe taga, ta ce wa masinja ya je ya gaya wa mai busa a waje ya dakata har ɗalibi ya gama. Masinja ya fita ya dawo, ya ce babu kowa, sai masu wanki can a bakin kogi.

"Kawu," ya ce, "har Yamai?"

Na ce, "Ai can ma ruwa ne."

Ya tafi makarantarsa, ya yi shekarunsa, ya dawo ya koyar da kiɗa har ya yi ritaya. Ubansa, Allah ya jiƙansa, ya riƙa nuna hotonsa a tasha yana cewa ai shi ya ƙarfafa masa gwiwa. Ni ban ce ga abin da na ji a bakin tabki ba, ban kuma ce ku yarda ba. Na yi shekaru ina neman bayanin da zai kwantar mini da hankali, ko amsa-kuwwa, ko zafin rana a ƙwaƙwalwa. Abin da na tabbata kawai shi ne na tarar da wuri a buɗe, ban san dalilinsa ba, sai na ɗauka babu dalili. Kuma ba ni na biya ba, yaro ne ya biya da abu mafi kyau da ya taɓa yi. Ya tsara kiɗa da yawa bayan haka, wasu har a rediyo, amma shi da bakinsa ya ce babu wanda ya sa wani ya cire tabarau.

Yanzu haƙora sun zube, sarewa ta koma hannun ɗana, kuma na koya masa tsayawa tun kafin in koya masa farawa. Guntun nan kuwa bai bar ni ba. Wani lokaci ina zaune a zaure da rana tsaka, gari ya yi tsit, sai in ji shi yana gangarowa a cikin kaina, ba abin da ya ragu.

Bara ya zo gaishe ni, shi ma kansa ya yi fari fat. Muna zaune mu biyu na ce masa, "Abin nan naka da ya ɓace, yana wurina. Tun ranar yake wurina. Na tsufa, in na tafi ya tafi. In kana so in rera maka, ka rubuta."

Yana ta murza yatsunsa a kan gwiwa kamar mai neman maɓallai.

"Kawu, yana da daɗi?"

"Wallahi yana da daɗi."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bakin hularsa.

"To bar musu."